Garin da Injiniya Ya Zaɓa

Asabar uku a jere Injiniya yana fita duba gari. Ya fita da sassafe da 'yar jakarsa a kafaɗa, ya dawo bayan isha'i ƙafa butu-butu, ya zauna bakin gado ya buɗe wani tsohon littafin rubutu na yaransa da ya mayar littafin ƙaura. A shafin tsakiya ya ja layi ya raba gari uku, kowanne da abin da ya gano: haya, ruwan famfo ne ko rijiya, sau nawa wuta ke zuwa a mako, da yawan manoman da ke da injin ban ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne abincinsa, don gyaran injinan ne sana'arsa. Injiniyan ma maƙwabta ne suka laƙaba masa, shi dai bakanike ne mai hannu.

"Na ukun nan," ya ce a Asabar ta uku, yana dungurin takardar da yatsa. "Ɗaki biyu da falo, ga tsakar gida har da bishiya, a rabin abin da muke biya a wannan akurkin. Ga shiru! Wallahi na tsaya bakin titi ya fi minti goma, mota ɗaya ce ta wuce. Ɗaya tal."

Matarsa, wadda duk layin ke kira Mai Ɗinki, ta ɗaga ƙafa daga kan keke. Ba ta ga laifinsa ba. Gidan da suke haya a matse yake tsakanin shagon mai walda da injin niƙa, tun safe har magariba ƙasa na rawa. Mai gidan ya sake ƙara haya, likita kuma ya ce jinin Injiniya ya hau. Ita kanta ta gaji, irin gajiyar da ko barci ba ya sauke ta.

"Makaranta fa, Baban yara?"

"Akwai. Firamare tana nan bayan gidan, da ƙafa za su riƙa zuwa. Kin ga an huta da hawa mota."

"Ba ta mazan nake nufi ba. Ta Ƙyalƙyala."

Ya leƙa littafin kamar zai ga amsar a ciki. Babu layin wannan. Mutumin da ya tambayi zurfin rijiya, ya tambayi farashin gawayi, har ya taka da ƙafa ya ga nisan gidan da kasuwa, wannan ɗaya ce bai tambayi kowa ba.

Ƙyalƙyala ita ce babbar 'yarsu, shekararta goma sha ɗaya, kurma ce tun wani zazzaɓi da ta yi tana 'yar shekara biyu. Dariyarta ce ta ja mata sunan: da yake ba ta jin kanta, in ta saki dariya sai maƙwabta sun leƙo. Shekara huɗu ke nan tana makarantar kurame, sai an hau mota biyu daga gidansu. Kafin nan sai dai ta ja rigar mutum ta yi nuni, in ba a gane ba ta zube ƙasa tana birgima. Yanzu kuwa da hannu take zuba labari, ta yi tsegumin 'yan ajinsu, ta kwaikwayi direban bas, har ƙarya ta iya shararawa. A lokacin tana zaune bakin ƙofa tana jera maɓallai, ba ta san a kanta ake magana ba.

"Ita da ba ta ji," Injiniya ya ce yana rufe littafin, "ai ko'ina ɗaya ne a wurinta. Allo ne, idonta garau. Ta kalla ta kwafa."

Ranar Litinin Mai Ɗinki ta raka 'yarta makaranta, ta tsaya ta ga shugabar, wadda kowa ke ce wa Malama, wata doguwar mace mai furfura da ko da baki take magana hannuwanta ba sa zama. Malama ta saurare ta har ƙarshe.

"Ba zan ɓoye miki ba, irin wannan makarantar babu ita a can, babu ita a kusa da can," ta ce. "Abin da zan iya shi ne, in yaro ya yi tafiya muna riƙe masa gurbinsa zango ɗaya, muddin sunansa yana cikin rajista. Zango ɗaya fa. In aka dawo hutu ba ta zo ba, sai in kira na gaba a layi, kuma layin nan dogo ne."

Mai Ɗinki ta dawo gida da dabararta a shirye. Yayarta tana zaune kusa da makarantar, tafiyar ƙafa ce, kuma ta ce a kawo yarinyar, inda nata suka kwanta ita ma ta kwanta. Injiniya yana ɗaure kayan aikinsa da igiya. Bai ce a'a ba.

"Mu je mu zauna tukuna. In mun natsu sai a duba."

Da wannan "sai a duba" ta ɗaure kayanta. Ta zaunar da Ƙyalƙyala a kan akwati, ta yi mata bayani da 'yar maganar hannun da ta koya a ajin iyaye: tafiya, kaɗan, dawowa, makaranta. Yarinyar ta ƙura mata ido, ta tambaya da yatsu, alkawari? Uwar ta ce alkawari.

Garin kam, a faɗi gaskiya, Injiniya bai yi ƙarya ba. Titi ɗaya ne mai kwalta, sauran duk lunguna ne. Tumatir da albasa kamar a ba ka kyauta. Da hantsi in ka zauna a tsakar gida ba abin da za ka ji sai kukan kurciya da gugan maƙwabta yana faɗawa rijiya. Cikin mako biyu manoma suka gano rumfar Injiniya, injina suka yi layi a gabanta. Ya daina dafe kai da yamma. Ya sayi kujerar roba ya ajiye ƙarƙashin bishiyar, bayan azahar ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa har da minshari. Ita ma Mai Ɗinki ta samu masu kawo ɗinki, ko da yake rabinsu faci ne. Shi ya kai yaran uku firamare, ya dawo ya ce an karɓe su duka ba wata matsala.

Ajin Ƙyalƙyala yara saba'in da wani abu ne, malami ɗaya. Malamin yana magana ne yana fuskantar allo, in ya juyo ya yi tambaya hannaye su tashi, ita ta bi su da kallo. Kwafa kam tana kwafa, rubutunta ya fi na kowa kyau, shafi bayan shafi na abin da ba wanda ya gaya mata ma'anarsa. A mako na farko ta dawo da shatin bulala biyu a hannu. An kira suna sau uku ba ta amsa ba, malamin da ya riƙe ajin ranar kuma ba wanda ya gaya masa. Ta nuna wa uwarta shatin, ta tambaya, yaushe? Uwar ta ce saura kaɗan.

Yaran garin ba su taɓa ganin mai magana da hannu ba. Da farko kewaye ta suke yi suna kallo. Ita kuwa, Allah sarki, ta ɗauka ƙawaye ta samu, ta shiga koya musu: ga ruwa, ga littafi, ga sunana, yatsa a kan kumatu daidai inda yake loɓawa. Kwana uku suka mayar da abin wasa. In ta fito sai su bi ta suna kaɗa hannuwa suna karkace baki, "Bebiya! Bebiya!" Ba ta jin kiran, amma tana da ido. Ƙannenta biyu da a da suke hira da ita da hannu a cikin bas, yanzu in ta ɗaga hannu a hanya sai babban ya buge shi ya yi gaba abinsa.

Maganar ta kai kunnen Injiniya a rumfa. "Ki hana ta wannan fiffikar a waje," ya ce suna cin abinci. "Ƙaramin gari ne, kowa na kallon kowa. Mu baƙi ne, mutunci muke nema. A cikin gida ta yi abinta."

A mako na biyar Mai Ɗinki ta je makarantar ba sanarwa. Ta leƙa ajin ba ta ga 'yarta ba. A bayan ofis ta same ta, durƙushe gaban bokiti tana wanke kofunan shayin malamai, ga tsintsiya a gefe. Hedimasta ya fito da fara'arsa, mutum mai kirki a fuska, wataƙila har a zuci.

"Maman yara, ki kwantar da hankalinki. Mu ba ma korar kowa. Yarinyar nan hankali gare ta, ga tsafta. Zaman ajin ne yake gundurarta, shi ya sa muka ce ta riƙa ɗan motsa jiki. Ai wannan ma koyo ne."

"Ta iya lissafin rabawa, ranka ya daɗe. Ta san sunayen ƙasashe."

"To madalla," ya ce. "Mu dai ba mu da hanyar da za mu tambaye ta."

Ta kai maganar gida, ta ce a mayar da yarinyar wurin Yaya. Injiniya ya ce a bari ya gama da injinan da ke gabansa, manoma na jira. Da injinan suka ragu ya ce ai ba a tafiya tsakiyar wata. Da watan ya ƙare ya zo da sabuwa.

"Gidan Yayarki samari uku ne. In kai 'ya mace can, wadda ko an yi mata wani abu ba ta da bakin faɗa?"

Mai Ɗinki ta ce samarin nan ita ta goya biyu daga cikinsu, kuma yarinyar tana da bakin faɗa, sai dai in mutum bai koyi sauraro ba. Ya ja tsaki. Wata rana cewa ya yi, "So kike a ce na kasa riƙe 'yata na kai wa dangin mata?" Wata rana kuma ya ce Allah da ya yi ta haka ya san yadda zai yi da ita.

Yaya takan bugo waya. "Ke wai ina 'yata? Na shimfiɗa mata katifa tun wata biyu, har mage ta gaje ta ta haihu a kai. Ko mijin naki sai an rubuto masa takarda daga kotu?"

"Yana dubawa, Yaya."

"Dubawa! Shi likita ne? Ke ma fa da sanyin jikinki."

Mai Ɗinki ta yi dariyar dole ta kashe wayar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, mijin nata ba mugu ba ne da za ka nuna wa mutane ka ce ku gan shi. Ba ya duka, ba ya zagi. In ya dawo daga kasuwa yakan miƙa wa Ƙyalƙyala alewa ya shafa kanta. Ya yi ƙiba, kumatu sun fito, duk wanda ya gan shi sai ya ce garin ya karɓe shi. To wa za ka kai wa ƙarar mutumin da ya samu lafiya?

Yarinyar kuwa a hankali take lalacewa. Tambayar "yaushe" da take yi kullum da safe ta koma sau ɗaya a mako, daga nan ta daina. Maƙwabtan garin nan ba su taɓa jin dariyarta ba, har wata ta tambayi Mai Ɗinki dalilin sunan. Uwar ita kaɗai ce abokiyar hirarta, kuma maganar hannun uwar ba ta wuce ta cikin gida ba: ci, sha, zo, tafi, ciwo, gobe. Yarinyar takan fara wani dogon labari, hannuwa na gudu, sai ta ga idon uwar ya ɓata a hanya, sai ta saki hannuwan su faɗi kan cinya. Wata safiya Mai Ɗinki ta ɗaga wani koren ƙyalle ta ce, tuna min yadda ake faɗin kalar nan. Ƙyalƙyala ta ɗaga hannu, ta tsaya, ta ɗage kafaɗa ta ci gaba da abin da take yi. Ko mantawa ta yi, ko damuwa ta daina, uwar ba ta sani ba. Da yamma da take son ruwa, rigar uwarta ta ja ta yi nuni da jarka, yadda take yi tana 'yar shekara biyar. Mai Ɗinki ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma kan keke.

Sai kuma ga maganar babur. Wani manomi ya shigo lungu da buhu biyu a baya, ya hango yarinya a tsakiyar hanya, ya danna hon tun daga nesa yana jiran ta kauce kamar kowane yaro. Buhun ya kwashe ta ta faɗa kwata, gwiwa ta kurje, leɓe ya fashe. Mutumin da kansa ya ɗauko ta ya kawo gida yana rantsuwa bai san kurma ce ba. Abokin cinikin Injiniya ne. Injiniya ya ba shi haƙuri, shi ya ba shi haƙuri fa, ya raka shi har bakin ƙofa, ya dawo ya yanke hukunci: daga yau ta zauna a gida, tunda makarantar ma ba wani abu take tsinta ba.

"Yanzu ka yarda ba ta tsintar komai?" in ji Mai Ɗinki tana goge wa yarinyar jini.

"Ke dai ba kya gajiya."

"Na gaji, Baban yara. Wallahi na gaji."

Haka Ƙyalƙyala ta koma zaman tsakar gida, tana warware ɗinkin da ya karkace tana ɗaura maɓalli, tun safe har rana ta faɗi.

Saura kwana biyu a koma sabon zango, Mai Ɗinki ta yafa mayafi ta same shi a rumfa. Yana tsugune gaban wani inji da ya kwance kaca-kaca, hannu duk baƙin mai. Ta tsaya a kansa, ba ta damu da manoma biyun da ke zaune a benci ba.

"Jibi ake komawa. In ba ta je ba, an ba wani gurbinta ke nan. Da hannuna na yi mata alkawari. Ban taɓa tsallake maganarka ba, amma wannan ko ka yarda ko kar ka yarda zan kai ta."

Faɗa ta shirya wa. Bai ko ɗago ba. Ya hura wani ɗan siririn bututu, ya ɗaga shi ya duba a rana, ya ce, "To ki je mana. In sun karɓe ta ki bar ta wurin Yayarki."

Kai, mutum! Har godiya ta yi masa. Ta ce Allah ya ƙara buɗi, ta juya gida tana sauri.

Ƙyalƙyala ba ta yarda ba sai da ta ga an fito da akwati. Sai ta zabura ta tono rigar makarantarta daga ƙasan kaya, ta goge ta da kanta har sau biyu. Rigar ta ɗage, da ƙyar ta rufe gwiwa, sai da uwar ta warware bakinta ta ƙara mata tsawo.

Awa biyar suka yi a mota. Sun isa yara sun fito shan iska. Wata 'yar ajinsu ce ta fara hango ta ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ta ɗora yatsa a kumatu, ta juya ta yafito sauran. Kafin maigadi ya gama buɗewa sun yanyame ta. Hannuwa ko ta ina, suna tambaya suna ba da labari lokaci guda. Nata hannuwan da farko tuntuɓe suke yi, can sai suka kama hanya suka ɓalle da gudu, sai ga dariyar nan da Mai Ɗinki ta yi wata uku ba ta ji ba. Ba ta gane ko kashi ɗaya cikin goma na abin da suke faɗa ba, kuma ba ta damu ba. Ta tsaya riƙe da akwati tana washe baki.

Malama ta fito ta rungume yarinyar. Da idonta ya sauka kan akwatin sai fuskarta ta canza.

"Shigo ofis," ta ce wa uwar.

Ta buɗe kabad ta zaro fayil, ta ajiye takarda ɗaya a kan tebur. Takardar sauyin makaranta ce. A ƙasa ga sa hannun Injiniya, wanda Mai Ɗinki za ta gane ko a duhu. Kwanan watan kuwa, kwana biyu ne kafin motar kaya ta zo ta kwashe su.

"Shi ya zo da kansa," in ji Malama. "Ya ce kun tashi ke nan ba dawowa, can kuma ba za su sa ta a aji ba sai da wannan. Na zaunar da shi a kujerar nan da kike kai, na ce masa in na ba ka takardar nan sunanta ya fita daga rajista, gurbinta ya tafi. Sau biyu na faɗa. Ya ce ya gane. Na ɗauka kun sake shawara ne ke da shi."

Mai Ɗinki ta kalli takardar har rubutun ya fara rawa. "Gurbin fa?"

"Tun makon aka ba wata sa'arta. Shekara uku uwarta tana zuwa nan tana zama a bencin waje."

"Malama, ta zauna a ƙasa. Zan kawo mata abin shimfiɗa. Ba za ta takura wa kowa ba, wallahi."

"Goma sha biyu ne a aji, Maman Ƙyalƙyala, don sai kowa ya ga hannun kowa. Na taɓa ƙara biyu, masu duba makarantu suka zo suka kusa rufe mu. Zan sa sunanta a layi, amma mutum sittin da ɗaya ne a gabanta, kuma ba ma ɗaukar wanda ya haura shekara sha biyu." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ki yafe min. Da na sani da na kira ki tun ranar."

A lokacin an koma aji. Suka sami Ƙyalƙyala ta matse kanta a tsohon bencinta tsakanin ƙawaye biyu, har ta ari biro. Mai Ɗinki ta yafito ta waje. Ta ɗaga hannu za ta yi bayani, sai ta ga ba ta da ko kalma ɗaya da za ta ɗauki wannan magana. Malama ce ta durƙusa ta yi, a hankali, ba ta rage komai ba, har da wanda ya sa hannu a takardar. Yarinyar ta bi hannuwan da ido har suka tsaya. Ba ta yi kuka ba. Ta yi wata 'yar gajeriyar alama, ta sake maimaitawa.

"Me ta ce?"

Malama ta juyo wurin uwar. "Cewa take, me na yi?"

Wannan kam uwar ta iya amsa shi. Ta buɗe tafukanta biyu, ba komai, ba ki yi komai ba. Ta ɗauki akwatin, ta kama hannun 'yarta suka nufi tasha. Ko gidan Yaya ba ta iya biyawa ba.

Rana ta yi ja suka shigo gida. Injiniya yana kan kujerarsa ƙarƙashin bishiya, ya yi wanka, kofin shayi a gefe, mazan biyu suna wasa bakin ɗaki. Ya ga akwatin ya dawo bai yi mamaki ba, ko na ƙarya bai yi ba.

"Kun dawo? Sannunku da hanya."

Mai Ɗinki ta dire akwatin. Duk tsawon hanya ta ɗauka ihu za ta yi har garin ya taru, amma muryar da ta fito ƙasa-ƙasa ce.

"Ka sani. Wata uku kana ce min sai a duba, ashe ka sani. Kana kallo yarinyar nan ta goge riga."

"To me kike so in yi?" Ya ajiye kofin. "Da na faɗa miki a lokacin, za ki taso? Ba za ki taso ba. Da muna can har yanzu, jini na hawa, haya na hawa, wata rana a kwaso ni daga bakin titi. Da na faɗa miki shekaranjiya ma ba za ki yarda ba sai kin gani da idonki. Mu biyar ne a gidan nan, huɗu sun samu sauƙi. Ni ma 'yata ce. Kina ganin ba na jin ciwo?"

Wataƙila yana ji ɗin. Irinsa ba sa ƙarya gaba ɗaya, shi ne abin da ke kashe wa mutum jiki. Ya dai duba gidansa ya ga dole a tauye wani, sai ya zaɓi wadda ba ta da inda za ta kai ƙara, kuma bai ga ya kamata ko sanar da ita a yi ba.

Ƙyalƙyala ba ta shiga ɗaki ba. Tana tsaye a tsakar gida cikin rigar makaranta tana kallon ubanta. Ya kalle ta ya kawar da kai, ya sake kallonta.

"Ce mata ta yi haƙuri," ya ce. "Ce mata... ki dai yi mata bayani yadda za ta gane."

"A'a." Mai Ɗinki ta zauna a kan akwatin ta tura hannuwanta cikin mayafi. "Shekara da shekaru ina ɗaukar maganarka ina kai mata, ina gyara ta a hanya. Yau na sauke. Ga ka, ga ta. Kai ka sa hannu, kai za ka faɗa."

Ya yi 'yar dariya, sai ya ga ba wasa take ba. Ya miƙe ya matso gaban yarinyar. "Yi haƙuri," ya ce da ƙarfi, kamar ƙarfin ne ya rage. Ita ba bakinsa take kallo ba. Hannuwansa take kallo, inda ta saba samun magana, tana jira.

Injiniya ya ɗaga su. Hannuwan da ke kwance inji su mayar ba a rasa ko noti ɗaya ba suka tsaya a iska gaban 'yarsa, yatsu a buɗe. Bai san yadda ake cewa yi haƙuri ba. Bai san yadda ake cewa komai ba. Ta jira shi, ta jira shi sosai. Da ta ga ba abin da zai zo, sai ta juya ta shiga ɗaki ta cire rigar.